Filin Mota da Hanya: Kekuna Biyar da Tirelar Kwana, Ina Za a Ɗora Su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri kai da iyali. A bara na sayi wata 'yar tirelar kwana, 'yar Beljiyam da aka shigo da ita daga Amurka. Irin wadda in tana kan hanya a naɗe take kamar akwati, in an isa masauki sai a murɗa hannu rufinta ya ɗaga sama, a jawo gado ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, tamfol ya zama bango. Da Sienna nake janta. Mun taɓa kwana da ita a gonar wani abokina da ke gaba da Maraban Jos, yara suka ji daɗi ƙwarai. Yanzu muna shirin zuwa Yankari a hutun Disamba, su kuma sun kafe sai an tafi da kekunansu. Kekuna biyar ne: nawa, na manyan yara biyu, da na ƙanana biyu. Mu bakwai ne a mota, babu wurin ko da taya ɗaya. Wani mai walda ya ce zai ƙera mini kariya a kan bambar bayan tirelar wadda za ta ɗauke duka biyar, kuma a yini ɗaya zai gama. A jikin tirelar akwai wata takarda mai lambobi biyu, 1,650 da 2,300. Me ka gani?

Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Kada ka bari a taɓa bambar nan. Na sa wannan a gaba ne saboda ko ka gaji da karatu a tsakiya, ka riga ka ji abin da ya fi muhimmanci.

Ban raina mai waldarka ba. Duk wanda ya saba shiga Panteka ya san babu abin da za ka zana a takarda da yaran nan ba za su fitar maka da shi a ƙarfe ba. Waldarsa za ta riƙe. Ƙarfen da zai liƙa waldar a kansa ne ba zai riƙe ba. Da yawa daga cikin waɗannan tireloli a jihar Indiyana ta Amurka ake ƙera su, a yankin Elkhart, kuma da gangan ake rage musu nauyi ta ko'ina don ƙaramar motar gida ta iya jan su. Shi ya sa in ka ƙwanƙwasa bambar da sifana za ka ji ƙarar gwangwani. An yi ta don ta riƙe fitilu, wata kuma safeya taya, iyakarta ke nan. Ƙari a kan haka, mafi yawansu sifirin kawai gare su, babu shokazoba. In mota ta faɗa rami ta girgiza sau ɗaya ta natsu, ita tirela sai ta yi ta tsalle, kuma babu inda tsallen ya fi ƙarfi kamar can ƙarshen baya. Keke mai kilo 15 da ke tsalle a ƙarshen dogon ƙarfe yana fizgar walda da ƙarfin da ya ninka nauyinsa. Ba a ranar farko yake karyewa ba. Ƙarfen yakan fara tsagewa a gefen waldar, kaɗan-kaɗan, inda ba ka gani, har wata rana kekuna su zube a kan kwalta a gaban motar da ke bin ka, kai kuma ba ka ma sani ba, domin jikin tirelar ya tare maka su a madubi.

To amma mu ɗauka an ƙarfafa bambar, an kawo ƙarfe mai kauri an haɗa ta da shasi yadda giwar Yankari ma ba za ta karya ba. Har yanzu ban yarda ba, kuma dalilin nan na biyu ya fi na farko tsoratar da ni.

Dubi kurar mai ruwa. Tayoyi biyu ne a tsakiya, jarkoki a gaba da baya. In ya tara nauyi a can gefen da ya yi nesa da shi, hannun kurar ɗagawa yake yi, sai ya koma danna ta ƙasa maimakon turawa. Tirelarka haka take: tayoyinta ne tsakiya, wuyanta da ke zaune a kan dunƙulen ƙarfen bayan mota shi ne hannun. Ƙa'idar masu ƙera tirela ita ce wuyan nan ya danna mota da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan nauyin tirelar. Tirela mai kilo 1,000 ke nan wuyanta ya sauke kilo 100 zuwa 150 a kan mota. Wannan dannawa ce take sa tirela ta bi mota kai tsaye.

Yanzu mu yi lissafi. Kekenka zai kai kilo 15, in kuma irin na ƙarfe ne, Phoenix ko tsohon Raleigh, ya kai 20. Na manyan yara mu ce 14 kowanne, na ƙanana 10 da 8. Kilo 60 da 'yan kai ke nan. Kariyar da za ta ɗauki biyar, da ƙarfen kasuwarmu, ba za ta gaza kilo 20 ba. Mu ce 80. Ban ga tirelarka ba, amma a irin girmanta daga dunƙulen mota zuwa tayoyi kusan mita 3 ne, daga tayoyi zuwa inda kekunan za su rataya a baya kusan mita 2. Kilo 80 sau 2 a raba da 3, ya ba ka kilo 53. Wannan shi ne abin da kekunan za su ɗage daga wuyan tirelar. In da wuyan yana danna kilo 110, ya koma 57. Kashi 5 cikin 100 ke nan, rabin mafi ƙarancin abin da ake so. Su kuma tayoyin tirela ba kilo 80 aka ƙara musu ba, 133 ne, domin abin da aka ɗage daga wuya su ya koma wa.

Abin da ke biyo baya shi ne lilo. A cikin gari, daga Unguwar Rimi zuwa Kawo, ba za ka ji komai ba, har ka ce Malam tsoro ne da shi. Sai ka hau babbar hanya ka kai gudun kilomita 80 ko 90, wata tanka ta wuce ka iskarta ta bugi gefen tirela, ko ka kauce wa rami da sauri. Wutsiya ta karkata hagu, ta dawo dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi, har ta fara jan bayan motar. Ya fi tashi a gangara, lokacin da tirela ke turo mota maimakon mota ta ja ta. Hanyarka kuwa akwai gangara. Za ka bi ta Pambeguwa, Saminaka da Jengre ka hau tsaunin Jos, wanda ya kai mita 1,200 sama da teku, sannan ka sauko ta Toro da duwatsun Panshanu zuwa Bauchi. Ba wurin da zan so tirela mai sakakken wuya ta bi da yara biyar a mota ba ne.

In lilo ya taɓa kama ka, ko da kekuna ko babu: ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin gyara ta da murɗa sitiyari. Bari gudun ya sauka da kansa, ka sami wuri ka tsaya, ka mayar da kaya gaba.

Lambobin da ka gani a takardar, da laba aka rubuta su, awon Amurkawa. A raba da 2.2 a sami kilo. Ta farko, 1,650, nauyin tirelar ne babu kaya, kilo 750. Ta biyu, 2,300, wadda za ka ga haruffan GVWR a kusa da ita, ita ce iyakar da aka yarda ta kai da komai da komai, kilo 1,045. Tsakaninsu kilo 295 ne, kuma shi ne dukkan kayan da kake da izinin zubawa. Kamar da yawa, ko? Cire tukunyar gas mai 12.5, wadda in ta cika da ƙarfenta ta kai kilo 25. Cire batir, 20. Jarka biyu ta ruwa, 50, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ƙaramin janareta, 20 ko fiye. Shinkafa, mai, tukwane, kula, barguna na sanyin Disamba, kujeru: Hajiya ba za ta tsaya ƙasa da 80 ba, kuma ba laifinta ba ne, mutum bakwai za ta ciyar. Ka ga saura kilo 100 ko ƙasa da haka. Kekuna da kariyarsu za su shiga, amma da ƙyar. Shawarata, bar jarkokin babu ruwa har sai ka isa Bauchi. Babu dalilin hawa Jos da ruwan Kaduna.

To ina za a sa su? In tirelar tawa ce, raba su zan yi gida biyu. Ƙananan biyu su shiga cikin tirela (duba amsar da na ba Hajiya a ƙasa, tambayarta ke nan). Manyan uku su hau saman tirelar, daidai kan tayoyi ko ɗan gaba kaɗan. A nan nauyinsu ba ya ɗaga wuya, ba ya kuma danne shi fiye da kima, kuma a nan ne tsalle ya fi sauƙi. Ga shi tirelar a naɗe tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, babban ɗanka ma zai iya ɗora keke ba tare da tsani ba. Faɗinta kusan mita 2 ne, uku za su zauna a wadace.

Sai dai saman tirela da rufin tirela ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan mutane ke ɓata kayansu. Rufin nan siririn kwano ne ko roba a waje, katako da soso a ciki. Duk wanda ya huda tsakiyarsa ya ɗaura noti, ya buɗe wa ruwa ƙofa. A Disamba ba za ka ga komai ba. Ruwan Agusta na Kaduna ne zai shiga ta ramin, katakon ya jiƙe ya ruɓe daga ciki, bayan damina biyu rufin ya lotsa. Sabon rufi kuwa ba ka da inda za ka saye shi a ƙasar nan. Akwai kariyoyin kamfani da ake ɗaurewa a gefen rufin inda yake da ƙarfi, amma sai in littafin tirelarka ya faɗi nauyin da rufin ke ɗauka, kuma tirelar Beljiyam ba kasafai take zuwa da littafinta ba.

Ga aikin da za ka ba mai waldarka, kuma zai fi jin daɗinsa fiye da na bamba. Ya ƙera ƙafafu huɗu, biyu a kowane gefe, su tashi daga shasi su wuce saman rufin da kamar faɗin hannu. A kansu a gitta sanduna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, waɗanda ake soke su da fin a kuma zare su. Kekuna su zauna a kan sandunan, nauyinsu ya sauka a shasi, rufi bai san ana yi ba. In kun isa, a sauke kekuna, a zare fin, a ɗauke sandunan, sannan a murɗa rufi. Ya auna da kyau kada ƙafa ɗaya ta faɗo a bakin ƙofa, kada kuma ta gogi tamfol in an buɗe. Ya yi amfani da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu mara nauyi sosai. Masu walda suna son su burge ka da kauri, kai kuma kilo kake ƙirgawa. A wurin haɗawa da shasi na fi son noti mai siffar U, irin wanda ke riƙe sifirin, a kan walda. Shasin siriri ne, zafin walda yana raunana shi, ga wayoyin fitila suna bin jikinsa, ga daɓen tirelar katako ne. In dole sai an yi walda, a sauke tukunyar gas a kai ta nesa, a cire kan batir, a ajiye bokitin ruwa.

Wajen ɗora kekunan, a cire tayar gaba ta kowanne, a ɗaure cokalin gaban a jikin sandar da dogon noti da ya ratsa inda gindin tayar yake zama. Keken da aka riƙe ta nan ba ya rawa, kuma tsayinsa ya ragu. Tayar baya a ɗaure ta a ɗaya sandar. A juya su, wannan ya kalli gaba na kusa da shi ya kalli baya, don kada kawunansu su sarƙe. Tayoyin da aka cire su shiga cikin tirela.

Abu ɗaya da nake so ka gaya wa yaran da bakinka: ba a murɗa rufi da komai a kansa. Wayoyin ƙarfe ne siririya ke ɗaga shi ta kusurwa huɗu, an auna su da nauyin rufin kawai. Yaro mai ɗoki zai ce keke ɗaya ne, ba komai. In waya ɗaya ta tsinke a sansanin Wikki da ke cikin Yankari, rufin ya karkace, a mota za ku kwana, kuma babu bakanike a Bauchi da ya ajiye irin wayar yana jiran ka.

Saman Sienna ma wuri ne, in ba ka son a ƙera komai. Ka duba littafin motar. Yawancin motocin gida kilo 50 zuwa 75 aka yarda a ɗora a rufinsu, har da nauyin kariyar kanta. Kekuna uku za su shiga. Amma motar ta kusa mita 1.8, keke a tsaye ya ƙara fiye da mita ɗaya, ka doshi mita 3. Ƙofar gidanka, rassan mangwaro, wayoyin wuta da suka yi ƙasa a unguwanni, duk sai ka tuna da su, kuma mutum mantuwa gare shi bayan awa bakwai yana tuƙi. Mai ma za ta ƙara sha. Sannan motar da ke ɗauke da mutum bakwai da wuyan tirela ta riga ta kusa iyakarta. Akwai takarda a jikin ƙofar direba da ta faɗi nauyin da za ta ɗauka, ka karanta ta. Laba 3,500 da ake cewa Sienna tana ja, na wadda aka haɗa mata kayan ja ne tun daga kamfani, har da ƙarin abin sanyaya mai, kuma ba da mota cike da mutane aka yi lissafin ba.

Wasu suna ɗora kekuna biyu a kan wuyan tirelar, saman tukunyar gas. Yana yiwuwa, kuma ya fi bamba nesa ba kusa ba. Ka dai sani kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsu a kan mota zai sauka, kuma in ka yi kwana mai tsanani ko kana ribas, feda ko kan keke na iya fasa gilashin baya.

Kafin ranar tafiya ka loda komai kamar yau za ku tashi, ka auna wuyan. Sikelin da ake auna mutum a gida ya isa. A wuri mai daidai, a sa duwatsu a tayoyin tirela, a ɗora guntun katako a tsaye a kan sikelin yadda tsayinsa zai zo daidai da dunƙulen mota, a sauke bakin wuyan a kansa. In ka ga tsakanin 100 da 150, madalla. In bai kai ba, matsar da kula da janareta gaba. Sannan ka ja ta zuwa Zariya ka dawo, kilomita 80 ne kowace tafiya, ka tsaya a hanya ka girgiza kowane keke da hannu ka ji.

Tunda kana ƙarƙashin tirelar, duba tayoyinta. A gefen kowacce akwai haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar tirelar Beljiyam takan zo da zanenta cif kamar sabuwa alhali ta shekara goma a tsaye a rana. In ta haura shekara shida, canza. Ƙanana ne, inci 12 ko 13, suna juyawa fiye da na mota, don haka a buɗe boris a sa sabon giris. Tafiyar ta kai kilomita 500.

Game da Yankari kuwa, ka kira hukumar wurin tun yanzu ka tambayi abu biyu: inda za su bar ka ka kafa tirela, da inda yara za su iya hawa keke. Daji ne mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200, da giwaye da ɓauna a sake. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki kusan kilomita 40 ne a cikin dajin, ba hanyar da yaro zai ce a sauke shi ya ƙarasa da keke ba ce. Ka shirya musu rai cewa hawan na cikin sansani ne, sauran lokacin kuma ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 zai ɗauke musu hankali. Biran wurin sun san kula, sun san leda, kuma tamfol ba ya hana su komai; abinci ya kwana a cikin mota a kulle. Ku yi tafiyar da rana, ka kuma tambayi direbobin tashar Kawo halin da hanyar take ciki a satin da za ku tashi. Sun fi kowa sani.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Mu ma muna da irin wannan tirela, maigidana ya saya. 'Yan biyuna shekararsu shida, kekunansu ƙanana ne. Na ce a sa su a ciki kafin a rufe, shi kuma ya ce za su yaga tamfol. Wa ya fi gaskiya?

Maman 'Yan Biyu, Barnawa

AMSA

Hajiya, barka kadai. Ba na shiga tsakanin mata da miji, amma a wannan karon ku duka kuna da gaskiya, taki ta ɗan fi yawa. In an naɗe tirela akwai fili a ƙasa, a hanyar da ake bi tsakanin kujeru, kuma yawanci daidai kan tayoyi yake, wurin da ya fi dacewa da nauyi. Keken ɗan shekara shida zai kwanta a nan. Tsoron maigida feda ne da ƙarshen kan keke da gindin taya, su ne masu huda. A cire fedojin da sifana lamba 15. Na hagu a juye yake kwancewa, ana murɗa shi ta inda ake ɗaure sauran notuna. In yaron shago bai sani ba zai yi ta ƙara ɗaure shi yana cewa ya ci tsatsa. A sassauta kan keken a juya shi ya bi tsawon jiki. A naɗe kowanne da tsohon bargo, a ɗaure sarƙar da leda saboda baƙin mai, a cusa filo ko jakar kaya a gefe don kada su yi ta zamewa suna bugun ƙofofin kabad. A tura tamfol sama da gadaje yadda aka saba, kada ya sauko inda kekunan suke.

In an zo sauke rufi ya ƙi zama, kada wani ya hau ya danna. Wani abu ne ya tokare. A ɗaga a gyara.

TAMBAYA

Malam, na ga wani ƙarfe a intanet mai baki biyu, ana soka shi a bayan mota, na ƙasa ya ja tirela, na sama a soka kariyar kekuna. Ba shi ke nan an huta ba? Highlander ce da ni.

Wani matashi daga Malali

AMSA

Samari, akwai shi, kuma yana aiki ga wanda tirelarsa ba ta da nauyi kuma kekunansa biyu ne. Ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan hoton kafin ka tura kuɗi. Ƙarfen yana tura dunƙulen ja baya, nesa da mota, kuma masu ƙera irinsa da yawa suna rubuta cewa yana rage ƙarfin abin jan motarka da rabi. In naka na laba 350 ne a wuya, kusan kilo 160, ya koma 80. Wuyan tirela kaɗai ya cinye wannan, ba a zo kan kekuna ba. Ka leƙa ƙarƙashin motar, akwai takarda ko tambari a jikin abin jan da ya faɗi iyakarsa. Ka kuma auna bakin: akwai mai inci ɗaya da kwata, akwai mai inci 2, ba sa shiga juna. In wani ne ya ƙera maka abin jan a gari babu lamba a jikinsa, kada ka ƙara masa komai.

Tunda muna wurin, duba dunƙulen ma. Tirelar Amurka inci 2 take so ko inci ɗaya da bakwai cikin takwas, an buga girman a kan bakin wuyanta. Na Turai milimita 50 ne. A ido duk ɗaya suke, amma bakin inci 2 a kan ƙaramin dunƙule yana iya tsalle ya fita a tudun rage gudu. Sarƙoƙi biyun nan na wuya a gitta su a ƙarƙashinsa kullum, don in ya fita su tare shi kafin ya soki kwalta.

TAMBAYA

Ranka ya daɗe, da robar tif nake ɗaure kaya tun ina yaro, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Yarana sun ce sai na sayi bel. Kuma zan iya lulluɓe kekunan da tamfol saboda ƙurar hunturu?

Dattijo daga Tudun Wada

AMSA

Allah ya ƙara girma, Baba. Roba ta yi wa ƙasar nan aiki, ba mai musu. Buhu da katifa da kwandon tumatir, ba abin da ya kai ta, domin tana miƙewa ta bi jikin kaya. Miƙewar nan ce illarta a kan keke. Keke ƙarfe ne mai tsayi, in roba ta ba shi ɗan sarari sai ya fara rawa, ya gogi na kusa da shi, fenti ya tafi, sifok ya lanƙwashe. Rana kuma tana cin roba, ta tsinke ba sallama. Ka sayi bel mai ƙarfen ja, irin na masu ɗaukar babura a mota, biyu ga kowane keke, a ja har keken ya daina motsi amma ba har rim ya lanƙwashe ba. Robar kada ka yar da ita: a yanka guntaye a naɗe duk inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe, a kuma ɗaure tayar da ke juyawa a iska. Bayan kilomita 20 na farko a tsaya a ƙara jan bel ɗin, domin kaya sukan zauna su saki.

Tamfol kuwa a'a. A kan hanya iska zai tara, ya yi ta fizgar kekuna da kariyar, ya ƙara wa tirela lilo in iska ta bugo ta gefe, ƙarshe ya yage ko ya tashi ya rufe gilashin na bayanka. Ƙura ba ta kashe keke. Abin da za ka yi shi ne kada ka sa wa sarƙa mai kafin tafiya, domin mai ne ke kama ƙura ya zama kamar yashi. A goge ta ta bushe, a ɗaure ta da leda, in an isa a kakkaɓe a sa mai. A cire ƙararrawa da fitila da famfo a sa a jaka, su ne ke kwancewa su faɗi. A tabbata babu keken da ya rufe fitilun baya ko lamba, don kada ka ba 'yan Road Safety ko KASTLEA, masu kula da hanyoyin Kaduna, abin magana tun ba ka fita gari ba. In za ku tsaya salla ko cin abinci a Saminaka, a zura doguwar sarƙa ɗaya ta ratsa jikin kekunan duka da sandar kariyar, a sa kwaɗo, kuma a ajiye motar inda ana hango ta daga inda kuke zaune.